Magungunan Gwaji da Gudun Jini Zuwa Ƙwaƙwalwa da Zuciya: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Katsina

Aikina harhaɗa magunguna ne a nan cikin garin Katsina. Akwai tambayoyin da ba sa ƙarewa, ko a bakin kanta, ko a majalisa bayan la'asar, ko a waya daga 'yan uwa na Daura da Mashi da Jibiya. Yawancinsu a kan wani sabon magani ne da aka gani a Facebook ko aka turo ta WhatsApp, wai yana buɗe jijiyoyi, yana wanke jini, yana tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ga su nan na tara, da amsar da nake bayarwa.

Wai mene ne ma maganin gwaji?

Shi ne maganin da ba a gama tabbatar da amfaninsa da illarsa a jikin ɗan Adam ba. Kafin ya kai ga mutum sai ya bi ta ɗakin bincike da jikin dabbobi. Daga nan matakai uku ne. A na farko mutane kaɗan ake ba, sau da yawa ba su kai 100 ba, galibi masu lafiya, don a ga iya abin da jiki zai ɗauka. A na biyu marasa lafiya ne 'yan ɗaruruwa. Na uku kan kai dubbai: a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha sabon, wasu su sha wanda aka saba da shi ko ƙwayar da babu komai a cikinta, sannan a kwatanta. Cikin magunguna 10 da suka fara shiga jikin mutum, kusan 1 ne kawai ke samun izinin shiga kasuwa. Tsohon magani ma yakan koma na gwaji idan aka ɗauke shi zuwa wata cutar da ba don ita aka yi shi ba.

Me ya sa kullum ƙwaƙwalwa da zuciya ake ambata, kamar sauran jiki ba ya buƙatar jini?

Saboda su biyun ba su da rumbu. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa, tana kuma cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin. A minti ɗaya jinin da ke ratsa ta ya kai mililita 750, wato ruwan leda ɗaya da rabi. In aka datse shi, cikin daƙiƙa 10 mutum zai some, cikin 'yan mintoci sassanta su fara mutuwa.

Zuciya kuwa tana harba kamar lita 5 a minti ɗaya, amma naman jikinta ba ya shan jinin da ke cikin ɗakunanta. Tana da nata ƙananan jijiyoyin da suka naɗe ta ta waje, suna kai mata kamar rabin leda a minti. Ko mutum yana kwance, takan tsotse kusan kashi 70 na oksijin ɗin da ke cikin wannan jinin, don haka in aiki ya ƙaru ba ta da sauran abin tatsa, sai dai a ƙaro mata jini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: jinin yana shigar mata ne a lokacin da ta saki, tsakanin bugu da bugu. Duk maganin da ya sa ta gudu ya rage mata lokacin cin abincinta, ya kuma ƙara mata yunwa.

Ta wace hanya magani ke taɓa gudun jinin?

Duk wanda ya taɓa noman rani a Ajiwa ko Jibiya ya san abin da ke hana ruwa isa fangali na ƙarshe: ko inji ya yi rauni, ko mesa ta matse, ko laka ta toshe ta. Haka jiki yake. Wani maganin ƙarfin bugun zuciya yake ƙarawa ko ya rage. Wani tsokar da ke jikin jijiya yake sakewa ta buɗe, wani ya tsuke ta. Wani jinin kansa yake taɓawa, ya tsinka shi ko ya sa shi saurin yin guda.

Akwai ta huɗu wadda injin ban ruwa ba shi da ita, ita ce wutar lantarkin da ke tsara bugun zuciya. Manya za su tuna Halfan, maganin zazzaɓin cizon sauro da aka yi yayi. Yana jinkirta lokacin da zuciya ke shirya wa bugu na gaba, kuma a jikin wasu hakan kan hargitsa bugun har jini ya daina fita. Irin wannan illa ta sa tun 2005 manyan hukumomin magunguna na duniya suka sa ƙa'idar a auna tasirin sabon magani a kan wutar zuciya, ko da na ƙaiƙayi ne.

To, Malam, in magani yana buɗe jijiya ai alheri ne, ko?

A nan aka fi yin kuskure, don haka bari in ɗan tsaya.

Magani ba ya zaɓen jijiya. In ya buɗe na ƙafa da na ciki da na fata gaba ɗaya, ƙarfin jinin sai ya faɗi, kamar a buɗe famfunan unguwa duka a lokaci guda: na kan tudu shi ne zai rasa ruwa. A jikin mutumin da ke tsaye, ƙwaƙwalwa ce a kan tudu. Tana da dabarar kare kanta, takan buɗe ko ta tsuke nata jijiyoyin don gudun jinin ya tsaya daidai, amma dabarar tana da iyaka. Wanda ya shekara goma da hawan jini, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta saba da sama. In aka dako jinin ƙasa farat ɗaya, ko da lambar da na'ura ta nuna ta yi kyau a ido, ita a wurinta fari ne. A da ana huda ƙwayar nifedifin a ɗiga wa mai hawan jini a ƙarƙashin harshe, jini ya sauka nan take, kowa ya yi murna. Daga baya aka lura wasu na samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya a sanadin haka, aka hana. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

A zuciya ma akwai abin da likitoci ke kira sata. Jijiyar da kitse ya ƙuntata ta riga ta buɗe iya buɗewarta. In aka ba da mai buɗe jijiya mai ƙarfi, lafiyayyun ne za su ƙara faɗi, jini ya bi hanya mai sauƙi, a bar mabuƙaciyar da ƙishi.

Labarin Viagra ya isa misali. Kamfanin Pfizer ya fara gwada shi ne a Ingila a matsayin maganin ciwon ƙirji na zuciya. Bai yi abin kirki a nan ba, sai mazan da aka gwada wa suka ba da labarin wani aikin daban, aka ba shi izini a Amurka a 1998 don wancan. Amma halinsa na sakin jijiya yana nan. Wani dattijo da na daɗe ina ba maganin ciwon ƙirji irin na ƙarƙashin harshe ya yanke jiki ya faɗi wajen alwalar asuba, buta ta yi gefe. Allah Ya sa ya farfaɗo. Da ɗansa ya kawo shi bayan an sallame su, na ce wa yaron ya ɗan ba mu wuri. Na ce, "Alhaji, don Allah ban da waɗannan akwai abin da kake sha?" Ya yi shiru, ya gyara hula, can ya zaro wata 'yar shuɗiyar ƙwaya daga aljihun gaba ya ce, "Sai dai wannan, wani aboki ya ba ni, na gyaran gida ne." Waɗannan biyun ba sa haɗuwa a jiki ɗaya. Kowanne na sakin jijiya ta hanya guda, in suka gamu jini kan faɗi warwas.

Yaya masu bincike ke sanin jini ya ƙaru ko ya ragu, tunda ba buɗe kan mutum suke ba?

Akwai na'urar sauti da ake ɗorawa a gefen kai, tsakanin ido da kunne inda ƙashi ba shi da kauri, tana auna saurin jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da allura ba. Akwai hoton siti (CT) da na MRI, masu nuna cikin kai. A zuciya akwai awon wutarta da ake manna wayoyi a ƙirji, da hoton sauti mai nuna yadda take matsawa, da zura siririn bututu ta hannu ko cinya a zuba ruwan da ke haska jijiyoyinta.

In na'ura ta nuna an samu ci gaba, ba shi ke nan ba?

A'a. Wannan darasi da rayukan mutane aka koye shi. A shekarun 1980 likitoci sun lura cewa waɗanda suka tsira daga bugun zuciya, in zuciyarsu na yawan yin tuntuɓe a bugu, sun fi saurin mutuwa. Ga magunguna biyu, enkainid da filekainid, suna gyara tuntuɓen tsaf a takardar awo. Aka yi ta bayarwa. Da aka yi gwaji na gaskiya da ƙuri'a a Amurka, sai a 1989 aka dakatar da su, domin masu shan su sun fi masu shan ƙwayar banza mutuwa.

A Disamba 2006 Pfizer ta tsayar da gwajin tosetirafib, wanda ya ɗaga kitsen jini mai amfani sosai, amma ya ɗaga hawan jini, mace-mace suka ƙaru. Vioxx na kamfanin Merck ma ya wuce dukkan matakai, ya shiga kasuwa a 1999 a matsayin maganin ciwon gaɓoɓi, sai a Satumba 2004 aka janye shi saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa in aka nuna mini hoton jijiya kafin magani da bayan magani, tambayata ɗaya ce: mutum nawa suka rayu, nawa suka koma tafiya da ƙafarsu, idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha ba?

Mahaifinmu ɓarin jikinsa ya shanye. An ce akwai allurar da ke narkar da gudan jini a Turai. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ta wuce matakin gwaji tuni. Sunanta altefiles, Amurka ta amince da ita a 1996. Akwai ƙanwarta, tenektefiles, wadda ake yi sau ɗaya, asibitoci da yawa a duniya na komawa gare ta. Amma sharuɗɗanta masu tsauri ne. A ƙa'ida cikin awa 4 da rabi da fara ciwon ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton kai. Dalili shi ne shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe. Babban binciken da aka yi a Najeriya da Gana mai suna SIREN ya nuna kusan kashi 1 cikin 3 na masu ciwon a wurinmu fashewa ce. Wanda jijiyarsa ta fashe aka yi masa allurar narkar da jini, an ƙara masa zubar jinin ne. Ko asfirin kada a ba shi a gida saboda wannan dalilin.

Mu a nan abin da ke cinye awannin sananne ne. Baki ya karkace da hantsi, a ce iska ce ta buge shi, a yi hayaƙi, a kira mai kemis ya ɗaura ruwa, sai gobe a nemi mota. Addu'a da tofi ana iya yin su a cikin mota a kan hanyar Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibitin gwamnati da ke Daura. Idan kwanaki sun riga sun wuce, allurar ba ta da sauran aiki. Abin da ya rage shi ne riƙe hawan jini da suga, da gashi da motsa jiki a hannun ma'aikatan da suka koyi aikin.

Sai a yi hattara da masu tallar maganin da wai ke farfaɗo da ƙwaƙwalwar da ta mutu. Wani nazari na 2006 ya ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada a ɗakunan bincike da jikin dabbobi don wannan ciwo, kusan dukkansu ba su tsinana komai a jikin mutum ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, ɓeran ɗakin bincike matashi ne, ba shi da suga, ba shi da hawan jini, kuma an san mintin da ciwonsa ya fara.

Ɗana sikila ne, an ce a kai shi awon kai. Me ya haɗa sikila da ƙwaƙwalwa?

Hajiya, ki kai shi. Ƙwayoyin jinin mai sikila na goge bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa har su ƙuntata, kuma in ba a yi komai ba, kusan yaro 1 cikin 10 zai samu shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Na'urar sautin nan da na ambata ita ce ke gano su tun da wuri. In saurin jinin ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. Sauri a nan ba lafiya ba ne, kamar ka danne bakin mesa da ɗan yatsa ne.

A Amurka binciken 1998 ya nuna ƙarin jini duk wata na rage haɗarin da kusan kashi 90. Amma wa ke da jini da kuɗin wannan duk wata a Katsina? Shi ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a jikin yara 220 a arewacin Najeriya, wasu ƙaramin awo, wasu matsakaici. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi ƙaranci a duka ɓangarorin, masu matsakaicin awo kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Wannan gwaji ne da aka yi a gida, a kan matsalar gida, da maganin da ake iya samu.

Ɗaya gefen kuma, sabon maganin sikila mai suna Oxbryta, wanda ke ƙara yawan jini a takardar awo, kamfaninsa ya janye shi daga duniya baki ɗaya a Satumba 2024, bayan bayanai sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace.

Matata ta haihu wata biyu, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. An ce akwai maganin da ake gwadawa.

A kai ta a yi mata hoton zuciya, kada a tsaya cewa kumburin jego ne. Raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta, domin gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta ya ƙara haska rawar rama da talauci da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom.

Maganin da kake nufi buromokiriftin ne. Ana kan bincikensa, yana busar da nono, kuma saboda tsoron gudan jini ana haɗa shi da mai tsinka jini. Busar da nono a gidan da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu ba ƙaramin hukunci ba ne. Likitan zuciya ne zai yanke shi, ba kemis ba.

Maganin mantuwar tsofaffi fa?

Lekanimab, wanda Amurka ta ba cikakken izini a 2023, ya ɗan rage saurin lalacewar tunani, bai warkar ba. Yana raunana bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kusan kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun samu kumburi a ciki, wasu ɗigon jini. Sai da hoton MRI a kai a kai ake ba da shi.

Bayan abin da ya faru a Kano, ta yaya za mu yarda da wani gwaji?

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifinsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ta yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan da yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003. A Turai ma abin kan ɓaci: a Janairu 2016 a birnin Ren na Faransa mutum 1 ya rasu, wasu suka samu rauni a ƙwaƙwalwa a gwajin mataki na farko.

Sai dai ƙin gwaji gaba ɗaya ma yana da nasa kuɗin. Jikin baƙar fata ba ya amsa wasu magungunan hawan jini kamar na Bature. Sai da aka yi gwajin CREOLE a ƙasashen Afirka 6, ƙarƙashin Dakta Dike Ojji na Abuja, aka tabbatar a 2019 cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke mana jini. Da ba a gwada a jikinmu ba, da har yau da awon wasu ake ɗinka mana riga.

Yaya zan bambance gwaji na gaskiya da na 'yan damfara?

Na gaskiya yana da izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike, bisa ƙa'idar ƙasa da ta fito a 2007. Za a karanta maka takardar amincewa da harshen da kake ji, a faɗa maka illolin da aka sani, a ba ka kwafi da lambar wayar da za ka kira ko tsakar dare ne. Kana da ikon fita duk ranar da ka so, kuma ba za a hana ka kulawar da ka saba samu ba. Akwai kwamiti mai zaman kansa da ke leƙa sakamako yana iya tsayar da aikin. Sannan ba a sayar maka da maganin gwaji. Duk wanda ya ce sabo ne daga Indiya ko Dubai, bai shigo kasuwa ba, kawo dubu ɗari, ciniki yake yi.

Ni a ganina, gwajin da ya fi yawa a garin nan shi ne wanda ba a kiransa gwaji: jarkar da ake talla da lasifika ranar kasuwar Mai'aduwa ko Caranci, ƙullin ƙwayoyi biyar marasa suna na ciwon jiki, shayin ƙarfin maza da a ƙasashe da yawa aka sha kama irinsa da garin Viagra a ɓoye. Babu awo, babu mai rubuta wanda ya faɗi.

Na riga na shiga wani gwaji a asibiti. Me zan lura da shi?

Jiri idan ka miƙe, musamman daga sujada ko da asuba. Nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi. Bugun zuciya mai tsalle, suma, ciwon kai irin wanda ba ka taɓa ji ba, karkacewar baki, harɗewar harshe, mutuwar hannu ko ƙafa ko da na minti biyar ne ya sake. Baƙin bayan gida ko jinin da ya ƙi tsayawa, in mai tsinka jini ne. Kowanne daga ciki, a nufi asibiti, a kira lambar masu gwajin a hanya.

Kada ka ƙara komai a kai ba tare da sun sani ba, har da jiƙo da sassaƙe da maganin mura, domin wasu na mura suna tsuke jijiya su ɗaga jini. In azumi ya zo ka tambaye su tun kafin a ga wata, saboda ƙishirwar azumi a zafin Katsina kaɗai ta isa ta sauke jinin mai shan maganin fitsari. Ranar komawa asibiti ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya ka tafi da shi, har wanda ke aljihun gaba.